Kabidon Kulu

Bana, a farkon kaka, makarantar da 'yata Kulu take zuwa ta kusa sallamarta saboda rigar ruwa.

Sunana Lawali. Mutumin ƙasar Damagaram ne ni, daga wani ƙauye kudu da Matamai. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Na yi dako a Kano, na yi gini a Libiya, na kwana a wuraren da ba na son ambata. Daga ƙarshe Allah ya kawo ni Sin, ina ɗaure kaya a ma'ajiyar Alhaji Nasiru a Shiling, garin da ake ɗinka jakunkuna a bayan Guangzhou. Matata Maryam 'yar ƙasar nan ce, tana ɗinki a wata masana'anta. Uwarta tana zaune tare da mu. Popo muke ce mata, haka jikoki suke kiran kakarsu ta wajen uwa a nan. Tun da na auri 'yarta, tsohuwar ba ta taɓa ce mini komai ba sai "ci abinci". Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ɗaga ido ta dube ni ba.

Sai da furfura ta fito mini na samu Kulu. Ita kaɗai gare ni.

Makarantar da muka fara kai ta a saman bene take, ɗakuna a rufe, na'urar sanyi tana hurawa. Yara suna zuwa su goga yatsa a hannunta su duba ko baƙin zai fita. Ta daina cin abinci. Kullum da safe sai na ɓamɓare yatsunta daga jikin ƙofa. Sai Maryam ta samo wata a gindin dutse, can cikin Huadu, a tsakiyar itatuwa. Ba aji a wurin. Rumfa ɗaya ce babba da ɗakin girki. Yara suna wuni a waje, suna haƙa, suna korar kaji, suna dasa dankali a kunya. Ranar da na fara gani na ce wa Maryam, ai wannan ƙauyenmu ne, sai dai a nan biya ake yi. Amma kafin a tashi duk yaran launinsu ɗaya ne, launin taɓo. Ba wanda yake da lokacin duba hannun wani. Kulu ta koma cin abinci. Ta yi kumatu. Tana dawowa gida da waƙa a baki da tsutsa a aljihu.

Dokar wurin ɗaya ce: ruwan sama ba ya hana fita. Kowane yaro yana da ƙusarsa a jikin rumfa, an rataye masa rigar ruwa da wandon roba da dogon takalmi. Wanda bai sa ba, ba ya fita.

A wajenmu in kaka ta shigo ruwa ya ɗauke ke nan. Na ɗauka nan ma haka ne, tunda shekarun da na yi a cikin ma'ajiya na yi su, ban damu da sama ba. Bana na damu. Iska tana tasowa daga teku ta kawo ruwa na kwana da kwanaki, zafin kuma bai tafi ba. Kana tsaye a cikin ruwa kana gumi. Yaro a cikin roba kamar tuwo ne a leda. Sauran yaran suna jurewa. Fatar Kulu ta ƙi. Ƙuraje suka feso mata a wuya da hammata da bayan gwiwa, tana susa har jini. Likita ya ba da man shafawa, ya ce kada roba ta sake taɓa jikinta.

Na faɗa wa Alhaji Nasiru. Bakano ne, ni Badamagare, ba ma rabuwa ba mu taɓa juna ba.

"Kai bawana," in ji shi, "a garin nan ake ɗinka wa duniya rigar ruwa. Ni da hannuna na loda ta zuwa kasuwar Kwari ta Kano har na gaji. Ka ce ba ta 'yarka? Ƙauyanci ne ya hana ka gani. Shiga mota."

Muka je kasuwar Baima, muka hau bene muka sauka. Alhaji yana kwatantawa, yana nuna wuyansa yana susa. Masu shago suna girgiza kai. "Meyo, loban." Wato babu, maigida. Waɗanda muka samo, mai kauri da mai shara-shara da mai shafi a ciki, duk muka gwada. Kowace kafin azahar wuyan yarinya ya tashi.

"To," in ji Alhaji a hanyar dawowa, "fatar Damagaram ce, ba ta san kayan arziki ba."

"Ta san na ƙarya dai," na ce. Ya yi dariya.

Saboda haka duk ranar ruwa Kulu tana ɗakin girki, wajen matar da take dafa musu abinci. Wata rana na je ɗaukarta da wuri. Na hango ta ta manna goshi a gilashin taga. A waje abokanta sanye da rawaya da shuɗi suna tsalle a kududdufi. Ba ta kuka. Da muka fito ta ce, "Baba, nan ma saboda fatata ce ba na wasa da su?"

Na ɗauke ta na sa a wuya.

A satin nan shugabar makarantar, Malama Su, ta kira mu. Mace ce siririya, hannunta duk kanta kamar na manomi. Tana magana Maryam tana juya mini. Ta ce suna son Kulu. Ta ce amma makarantar waje ce, yaron da ba ya fita a ruwa rabin kakarsa a ɗakin girki zai yi, ba kuma malamar da za a ware masa. A ƙarshen wata akwai ranar haƙar dankali, iyaye ma suna zuwa. In har ranar ba a samu dabara ba, gara mu nemi wata makarantar. Ba ta faɗa da wulaƙanci ba. Amma na san wata makarantar, na san yadda ake ɓamɓare yatsu daga ƙofa.

Wani ɓangare na zuciyata kuwa bai so ta fita ruwan ba ko da an samu rigar. Na san abin da ruwa yake yi wa yaro.

Ina ɗan yaro, ban daɗe da yin kaciya ba, aka yi shekarar da ruwa ya ƙi zuwa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kafin bazara rumbunanmu sun zama ɗakin ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka tafi. Shanu suka mutu a tsaye. Maza da yawa suka yi kudu. Baba bai tafi ba. Ya zuba iri a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya binne a ƙarƙashin gadon Inna. Muna kwana a kan abinci muna jin yunwa.

Da ruwan farko ya sauka, tun kafin ƙasa ta sha iska Baba ya fasa tulun. Yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Yana sara yana waiwaye. Ba ramukan yake dubawa ba, bakinmu yake dubawa.

Daga nan ruwa bai sake tsayawa ba. Ban taɓa ganin damina mai kyau irin wannan ba, ban kuma taɓa jin yunwa irin tata ba. Duk inda ka duba kore shar, tukunya kuwa ba komai. Da asuba Inna da matan gida suna fita su tsinko tafasa da yaɗiya. A tafasa a zubar da ruwan, a sake tafasawa, a barbaɗa dusa tafin hannu ɗaya, a raba. Mu yara muna daka ɓawon goruba muna lasa. Ciki yana kumbura, ƙafa tana ramewa. Da rana a tafi gona. Aka yi gayya ba fura ba makaɗi. Mazan da suka rage suka haɗu, yau gonar wannan gobe ta wancan, kowa ya ɗaure cikinsa da tsumma. Ba mai waƙa. Sai ƙarar hauya da numfashi. In mutum ya faɗi a kunya a ja shi gindin gawo, a ci gaba, don ciyawa ba ta jira.

Ruwa a kan cikin da ba komai daban yake. Ba ya tsayawa a fata, har ƙashi yake shiga. Itace duk ya jiƙe, wuta sai hayaƙi. Tabarma tana wari. Riga ɗaya gare ka, a jikinka za ta bushe.

Kabido ɗaya ne a gidanmu, na Baba. Ga wanda bai sani ba, abu ne da ake saƙawa da kaba, ganyen goruba. Samansa tsini kamar jinkar rumbu, ka sa kanka a ciki, ya sauko ta baya har ƙwauri, gaba a buɗe. Ruwa yana gangarewa ta baya, iska tana shiga ta ƙasa. Baba ya bar wa duk wanda zai fita da akuya, don akuya ɗaya ta rage mana, nononta ne yake riƙe da ƙananan gidan.

Ran nan ni da ƙanena Ilu muka fita da ita. Hadari ya taso daga gabas, muka shige kabidon mu biyu muka tsuguna. Aka yi tsawa, akuya ta fizge igiya. Kafin in miƙe Ilu ya fita a guje. Ya kamo ta. Ya dawo ruwa yana zuba daga kansa, yana dariya, yana cewa ta ɗauka ta fi shi gudu. Da yamma ya fara rawar sanyi. Inna ta rufe shi da duk zanen da take da shi. Bai yi sati ba. Da ake haƙa kabarinsa ruwa yana tsattsafowa, ana kwalfewa da ƙwarya.

Baba bai yi kuka a gabanmu ba. Washegari ya ɗauki wuƙa ya tafi fadama, ya dawo da damin kaba a ka. Ya zauna a zaure. Ya kira yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, ya gwada tsawon kowa da kara. Ya zaunar da ni kusa da shi ina riƙe masa.

"Duba nan, Lawali. Ta sama ta hau kan ta ƙasa. Kullum haka. In ka juya, ka saƙa wa ruwa hanya."

Abin da ya koya mini ke nan, sauran da ido na ɗauka. Maƙwabta suka gani suka kawo tasu kabar. In an dawo daga gona sai a taru a zaurenmu, masu tsagawa suna tsagawa, masu saƙa suna saƙa, ba mai abin da zai ba wani sai hannu. Kafin maimai, noma na biyu, duk yaran unguwarmu suna da nasu. In ana ruwa ka hango mu a bakin gona sai ka ce ƙananan rumbuna ne suka yi ƙafa. A gidanmu ba a sake binne yaro ba a daminar nan.

Gero ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi. Ranar da Baba ya karyo tumun farko ya gasa, Inna tana cewa a hankali, a hankali, ba wanda ya ji ta. Muka ci har ciki ya murɗa. Da aka yi girbi rumbu bai ɗauke ba, sai da aka gina wani.

Shekara da shekaru ban tuna kabido ba. A mota, muna dawowa daga wajen Malama Su, ya faɗo mini. Na zana wa Maryam a bayan kwali. Ta juya kwalin sama da ƙasa.

"Baban Kulu, wannan ai kwando ne."

"Ba kwando ba ne."

"Za su yi mata dariya."

"A waje za su yi mata, ba ta taga ba."

Ba goruba a ƙasar nan. Amma a bakin titi akwai wani itace danginta, ganyensa kamar mafici. Na nuna wa Alhaji ta gilashin mota.

"Kul," ya ce. "Itacen gwamnati ne, ga kyamara a kowane ƙarfe. Ka taɓa shi in aka kira ni zan ce ban taɓa ganinka ba."

Allah ya kawo iska. Ta kwana tana kaɗawa, da gari ya waye ganyen ya zube a titi, masu shara suna tarawa a kekensu. Na je wajen wani tsoho a cikinsu, na nuna ganyen na nuna ƙirjina. Ya dube ni, ya dubi shara, ya ɗaga kafaɗa. Na cika bayan motar kaya. Da na iso ma'ajiya Alhaji ya leƙa.

"Lawali, raƙumi ka saya ba ka faɗa mini ba?"

Na hau da ganyen rufin gidan da muke haya, na shanya kamar yadda ake yi a gida. A wajenmu ka shanya kaba yau, jibi ta yi. A nan ba abin da yake bushewa. Da na koma dubawa rabi ya yi baƙin fumfuna, yana warin rijiya. Na zubar. Na ɗiba daga sauran na ce bari in saƙa shi ɗanye. Hannuna bai manta ba, yatsu suka kama hanya da kansu. Na gama, na rataye. Da ya sha iska sai ya motse, ƙofofi suka buɗe ko'ina. Na tara shi a famfo, ruwa ya bi ta ciki ya jiƙa mini wando. Maryam ta yi gaskiya, kwando na saƙa. Ga wata ya raba.

Ina zaune a rufin da abin a gabana Popo ta hau shanya. Ta ajiye bokiti. Ta zo ta ɗauki kabidon, ta juya shi, ta shinshina, ta ɗora a kanta. Sai ta fara magana. Ta yi ta yi, tana nuna ni tana nuna ganyen, muryarta tana hawa. Ban taɓa sanin tana da magana haka ba. Na kira Kulu, don ita take jin yaren kakarta.

"Me take cewa?"

"Ta ce babanta yana da irin wannan a ƙauyensu, da shi yake shiga gonar shinkafa."

"Sai me?"

"Ta ce naka ba kyau."

Tsohuwar ta kwashi ganyen da ya rage ta sauka da shi ɗakin girki. Ta ɗora babban kasko da ruwa, ta turara shi kamar ana dambu. Ta ɗauko ɗaya ɗaya tana giftawa a kan harshen wuta har ya fara ƙamshi, ta goge da tsumma, ta jera a ƙasa ta danne da buhun shinkafa. Wanda bai samu wuri ba ta cusa a ƙarƙashin katifarmu ba ta tambaye mu ba. Da aka kwana biyu ta ciro ɗaya ta miƙo mini. Ya yi laushi, ya yi ƙarfi kamar fata. Na lanƙwasa bai karye ba.

Daga ranar, in na dawo daga aiki na yi la'asar, sai mu zauna a ƙasan falo. Ita tana tsagawa da farce, ni ina saƙa. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma mun yi faɗa sosai. A garinsu hula daban ake yi, abin kafaɗa daban. Ni na ce a haɗe, don in yaro ya sunkuya ruwa ta wuya yake shiga. In na saƙa yadda ba ta so sai ta buge mini hannu. In ta juya baya in warware nata. Kulu tana tsakiya ana gwada ta, tana kai saƙo.

"Baba, ta ce kai taurin kai gare ka."

"Ce mata na gode, a wajenta na koya."

"Ba zan faɗa ba."

Aka tashi kan kowa ya samu rabi. Kai da baya nawa ne, irin na gida. Ita ta ƙara wani ɗan labule a gaba da yake rufe ƙirji, a ɗaure da igiyar tsumma. Maryam ta kai masana'anta ta bi bakinsa da yadin auduga mai laushi don kada ya karce wuya. Ta ɗinka mata safar auduga doguwa saboda takalmin.

Muka kai wa Malama Su. Ta daɗe tana dubawa. Ta bi gefensa da yatsa tana neman tsini. Ta ce a gwada. Aka sa wa Kulu farar riga, aka ɗora mata kabidon, malamar ta hau benci da butar ban ruwan fure. Yara suka kewaye suna ihu. Ta juye butar duka. Aka ɗaga, rigar a bushe. Yara suka yi tafi. Malama Su ba ta yi ba. Ta ce wa Maryam buta ba sama ba ce, kuma ba jiƙewa kaɗai ake dubawa ba, har fatar. Sai ranar dankali. Na ce ta yi gaskiya.

Ranar ta zo da ruwa tun asuba, irin mai sauka a tsaye ba gaggawa. Alhaji ya ce shi zai kai mu, wai yana so ya ga rumbun Damagaram yana tafiya. Ya zo cikin farar shadda. Da ya ga taɓon bakin ƙofar makarantar ya ce shi daga mota ma yana gani sarai.

A rumfa yara suna ta shiga robobinsu. Popo ta durƙusa ta ɗaure wa Kulu igiyar, ta ja ta gwada, ta sake ɗaurewa. Malamai suka buga ƙararrawa. Yara suka kwasa. Ni kuma hannuna ya ƙi sakin nata. Ina jin ƙarar ruwan a kan kwanon rumfa, ina jin sanyin nan na da a cikin ƙashina, alhali gumi nake yi.

"Baba, sake ni."

Na dube ta. Kumatu gare ta. Da safe ta ci ƙwai da shinkafa har ta bar saura. Na sake ta.

Ta fita a guje, kabidon yana rawa a bayanta, ita kaɗai launin kaba a cikin rawaya da shuɗi. An yi mata dariya. Ita ma tana yi. Wani yaro mai ƙiba ya bi ta yana so ya shiga ciki, ta bar shi ya sa kai, suka yi tafiya da ƙafa huɗu har suka faɗi.

A kunya aka raba musu ƙananan magirbai. Suna jan yaɗon dankali, in ya tsinke su zauna daɓas a taɓo. Iyaye muna gefe da lema, an ce kada mu taimaka. Ina kallon Kulu ta sunkuya tana tono. Da ta sunkuya kabidon ya rufe ta ruf, daga kai har diddige, ruwa yana gangarewa yana ɗiga a bayanta. Dama don mai sunkuyo aka yi shi. Ta daɗe a wuri ɗaya, ta ajiye magirbin ta koma tono da hannu. Sai ta miƙe da wani dankali ja, ya kai girman kanta, ta ɗaga shi sama da hannu biyu.

"Baba! Popo! Nawa ne!"

Na ji ana buga hon. Alhaji ne daga mota, ya sauke gilashi, ruwa yana jiƙa masa hannun shadda.

Da aka tara dankalin aka koma rumfa. A nan na ga yadda suke gashi. Sun ajiye busassun hoge, wato curin ƙasa, tun kafin ruwa. Aka jera su kamar ƙaramin ɗaki, aka hura wuta a ciki har hogen ya yi ja, aka janye itacen, aka zuba dankali, sannan aka ba yara sanduna suka rushe ɗakin a kansa. Aka rufe da ƙasa aka jira. Ƙamshi ya cika rumfar, ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙi.

Ana jiran nan Malama Su ta kira Kulu gefe, ta yafito mu. Da hannunta ta kwance igiyar. Ta taɓa rigar, a bushe sai ɗan damshi a hannuwa. Ta ɗaga haɓar yarinyar ta duba wuya. Ta ɗaga hannu ta duba hammata. Ta sauke safa ta duba bayan gwiwa. Ba ƙurji ko ɗaya. Ta ɗauki kabidon ta karkaɗe ruwan, ta je jikin rumfa ta cire tsohuwar rigar robar daga ƙusar Kulu ta miƙa wa Maryam, ta rataye shi a wurin. Sannan ta juyo ta faɗi kalma biyu.

"Me ta ce?"

Maryam tana share ido. "Ta ce sai Litinin."

Aka tone dankalin. Kulu ta ƙi yarda a raba nata da kowa sai da aka kai wa Alhaji rabi a mota. Ya ci yana hura yatsu, yana cewa bai kai na Kano zaƙi ba, ya kuma tambaya ko da saura.

Da muka koma gida na taɓa goshinta. Da magariba na sake taɓawa. Da safe ma haka. Sanyi ƙalau. Ta tashi tana neman abinci, tana tambaya yaushe za a sake ruwa.

Kulu tana makarantarta. Iyaye biyu sun aiko a saƙa wa nasu, ɗaya ma ɗansa ba abin da yake damun fatarsa, so kawai yake. Tsohon mai shara yanzu ajiye mini ganye yake yi a bayan wani shago. Ni ina nan Shiling. Ranakun aiki ina ɗaure kayan Alhaji, ranar Lahadi ina ƙasan falo da ganye a cinya, Popo tana kan kasko tana yi mini faɗa. An ce jibi akwai ruwa. Za ta fita.